Ɗan Shuɗi, Gwarzon Bana

Ƙas!

Ƙarar ba ta kai ta karyewar allura ba, amma Uwar Zare ta ji ta har cikin haƙoranta. Makullin da ke gefen ɗan mutum-mutumin ya saki, yana ta juyawa sakaka tsakanin yatsunta, babu abin da ke riƙe da shi daga ciki. Ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar falon Baba Mai Agogo, ta saci kallon ƙofar ɗakin kwana. Labulen bai motsa ba. Tsohon na can ciki yana barcin da ya zame masa sana'a tun da ciwo ya kwantar da shi sati uku da suka wuce.

"Na shiga uku," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ita tela ce, shagonta manne yake da bangon gidansa. Shi ne ma ya laƙa mata wannan suna, wai duk kujerar da ta zauna sai ta bar mata silin zare. Shekara ashirin da ɗoriya suna maƙwabtaka, kuma a duk tsawon lokacin ba ta taɓa fasa yi masa tsiya a kan kayan wasansa ba. Mutum da furfura har gira, ya cika bango uku da 'yan mutum-mutumi na gwangwani da jarumai na roba! Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce agogo na mutane ne, suna kawowa suna karɓewa, waɗannan kuwa nasa ne.

Yana da wata al'ada tasa shi kaɗai. A satin ƙarshe na kowace shekara yakan sauko da duk waɗanda ya samu a shekarar, ya jera su a kan dogon teburin aikinsa, kowa ya nuna abin da ya iya. Sai ya zaɓi ɗaya ya ce shi ne gwarzo, ya ɗora shi a kantar can sama kusa da silin. Uwar Zare ce 'yar kallo. Kullum sai ta ce ba za ta zo ba, tana da ɗinki, kullum kuma sai ta zo da kujerarta.

Bana guda biyar ne. Akwai mai batir da idonsa ke kawo jan wuta, akwai wanda ake lanƙwasawa ya koma motar ɗaukar kaya, akwai jarumai biyu na roba masu faɗin ƙirji, ɗaya ma ita ta ɗinka masa mayafin baya da ƙyallen da ya rage mata. Na biyar shi ne wannan na hannunta, Ɗan Shuɗi. A buhun mai sayen tsofaffin ƙarafa Baba ya tsinto shi, tsatsa ta cinye masa ƙafa ɗaya, cikinsa kuwa kaca-kaca. Wata bakwai ya yi a kansa, a daidai lokacin da hannunsa ya fara rawa har ya daina karɓar agogon mutane. Da ya rufe bayansa bai gwada shi ba. Ya ce sai ranar zaɓe, a nan zai san ko hannunsa ya gama aikinsa na ƙarshe da mutunci.

Yau ce ranar. Ita kuma da shegen karambani ta ce bari ta gwada a ɓoye, don kada abin ya ƙi tashi a gaban mai shi ya ji kunya.

Labule ya ɗaga, Auta ta fito riƙe da kofi. Ita ce 'yar Baba ta ƙarshe, ta baro gidanta ta zo jinya.

"Anti, kin gama jera masa? Ya ce da la'asar... Lafiya? Me ya sami fuskarki?"

Uwar Zare ta miƙa mata Ɗan Shuɗi, ta kaɗa makullin da ɗan yatsa. Ya yi juyi biyu ya tsaya.

"Wayyo Anti! Wannan fa shi yake ta kira ko cikin barci."

"Na sani, 'yar nan. Kada ki ƙara mini."

"To mu ce masa an ɗaga zuwa gobe."

Suka dubi juna. Babu wadda ta yarda da gobe a cikinsu, likita ma da ya zo shekaranjiya bai yi maganar gobe ba. Uwar Zare ta sunkuyar da kai, sai idonta ya faɗa kan wani silin zare da ya maƙale a zanenta. Ta tsince shi, ta daɗe tana kallonsa.

"Idonsa ai ba ya gani sosai yanzu, ko?"

"Inuwa-inuwa dai."

"To kawo mini almakashi."

Da rana ta karkata suka tallabo shi su biyu, suka zaunar da shi a kujerarsa, filo ta ko'ina. Bai fi nauyin ɗaurin yadi ba. Hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a kan kantoci, gwangwanayen nan suka ɗauka gaba ɗaya, ja da ruwan ƙwai da azurfa, har bangon ya zama kamar ruwa yana motsi. Tsofaffin agogon da masu su ba su dawo sun karɓa ba suna ta bugawa, kowanne da nasa lokacin. Baba ya lumshe ido yana murmushi.

"Uwar Zare, kin zo? Ba ki da ɗinki yau?"

"Ina da shi mana. Tausayinka na ji, tsoho da wasan yara."

"Na yi mafarki ɗazu," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Duk sun sauko. Suka buɗe ƙofa da kansu, suka bi layin nan a jere, ƙanana a gaba. Mai burodi ya tsayar da kekensa ya ba su hanya. Suka wuce shagonki, kina ta yi musu faɗa wai za su taka miki yadi. Ni ina bayansu, ba takalmi, kuma ƙafata ba ta ciwo ko kaɗan."

"Ina suka nufa, Baba?" in ji Auta.

"Ban tambaya ba. Tafiyar ce da daɗi."

Aka fara. Auta ta kunna mai batir, ya yi ta walƙiya da ido yana juya kai. Baba ya ce wannan baki ne da shi, ba aiki. Aka lanƙwasa na biyu ya koma mota, ya ce wayo ya yi masa yawa, mutum ya tsaya a abu ɗaya mana. Jarumai biyun ya karɓa ya shafa su da yatsa, ya ce mai mayafin ya fi kyau, amma telar ce ta cuce shi, kalmasa ta karkace.

"Kalmasata ba ta taɓa karkacewa ba," in ji Uwar Zare.

"To a kawo Ɗan Shuɗi."

Ta ajiye shi a ƙarshen tebur. Ta riga ta ɗaura masa siririn zare mai ruwan toka a ƙugu, ta zagayo da shi ta bayan fitilar aiki zuwa hannunta. Ta yi kamar tana murɗa makulli, ta koma ta zauna, ta fara ja a hankali. Ɗan Shuɗi ya taho. Yana sulalowa a kan katako cikin hasken nan, hannuwa a miƙe, ƙirjinsa na sheƙi, kai ka ce a kan ruwa yake tafiya. Ita kanta sai da ta shagala, ta ji kamar da gaske ne, kamar in ta saki zaren ma zai ci gaba.

Baba ya karkata kunne. Murmushin ya fara janyewa daga fuskarsa.

"Tsaya."

Ta tsaya.

"Ba ya kuka. Mai makulli kuwa dole ya yi ƙirrr. Kuma ba ya ɗaga ƙafa, jan sa ake yi." Ya ja numfashi. "Zare ne ko, Uwar Zare?"

Ta sauke hannun da ke riƙe da zaren.

"Bai tashi ba ke nan. Kun gwada ya ƙi, kuka ce bari ku rufa wa tsoho asiri." Ya ɗago hannuwansa biyu yana kallon yadda suke rawa. "Wata bakwai. Ashe tun tuni kun tafi kun bar ni, ni ne ban sani ba."

Hannuwan nasa yake yi wa magana. Wannan ne ya karya mata zuciya. Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa zagi ma, amma ba ta shirya ganin mutumin nan ya ɗora wa kansa laifinta ba. Ta zame daga kujera ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ba hannunka ba ne. Wallahi nawa ne. Ni na murɗa shi ɗazu kana barci, ya yi ƙas, makullin ya saki. Ka yafe mini."

Ya juyo da fuskarsa wajenta. Sannan ya ce, "Ƙas ya yi?"

"Ƙas."

"Wane gefe kika murɗa?"

Ta ɗaga hannun dama ta nuna, yadda take jawo wilin keken ɗinki sau dubu a rana tun tana budurwa. "Haka. Wajena."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin tsohon, Auta ta zabura da kofi tana zaton sarƙewa ce. Ashe dariya ce.

"Hannun tela! Ke komai sai kin jawo shi wajenki. Makulli gaba ake tura shi, baiwar Allah, gaba!" Ya goge ido da bayan hannu. "Faɗa mini gaskiya. Kafin ya yi ƙas ɗin, ya yi miki gardama?"

"Sosai ma. Sai da na sa ƙarfi."

"Alhamdu lillahi. To ai sifirin ɗin, naɗaɗɗen ƙarfen nan na ciki, ya zauna ke nan. Da ban ɗaura shi daidai ba, da babu gardama, da babu ƙas. Zamewa kawai ya yi daga ƙugiyarsa." Ya jingina da filo, fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya. "Yana da rai. Ke ce dai kika sumar da shi."

Ya sa Auta ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko matsefata da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Ya yi wa Uwar Zare bayani dalla-dalla, yana hutawa tsakanin kalmomi: kunnuwan gwangwani huɗu ne a baya, a ɗaga su a hankali don ba sa jure lanƙwasa biyu, za ta ga bakin sifirin da 'yar huda, ta saƙala hudar a ƙugiya.

"Kamar zura zare a allura ne. In kin kasa wannan, ki rufe shago."

"Zan kawo maka shi yana tafiya, in sha Allahu."

"Ki kawo. Amma na riga na zaɓa, shi ne gwarzon bana. Yanzu ja mini zaren nan ya ƙaraso, kada a bar shi a tsakiyar hanya."

Ta ja. Ɗan Shuɗi ya sulalo har gaban mai shi, Baba ya ɗora masa yatsa ɗaya a ka, a haka barci ya ɗauke shi.

Ta yi ta fama a shago har hasken rana ya ƙare, sifirin na zillewa. Washegari tun da sassafe ta koma kai, ta ture ɗinkin mutane gefe. Wata mai kaya ta leƙo ta ga tela da gilashi a ido ɗaya tana tiyatar ɗan gwangwani, ta ja da baya ba ta ko yi sallama ba. Sai da hantsi ya ɗaga sannan ta ji ɗan ƙyas, hudar ta shiga. Ta mayar da kunnuwan huɗu. Ta kai hannu kan makulli, sai ta fasa. Wannan karon a gabansa za a yi.

Ta fito da sauri, ɗankwali a karkace. A bakin ƙofa ta tarar da Auta zaune a kan dakali, hannuwa a cinya, waya a gefenta ba ta kira kowa ba tukuna.

"Anti," ta ce. "Baba ya tafi. Yanzun nan. Na je ɗauko masa ruwa ne kawai."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Uwar Zare ta zauna kusa da ita, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗa. Suka yi kukansu mai isarsu, layin kuwa yana ta harkarsa, don babu wanda ya ji tukuna. Can Auta ta lura da abin da ke cinyarta.

"Ya gyaru?"

"Ban gwada ba."

Suka shiga falo. An saki labulen ɗakin kwana har ƙasa. Kujerarsa na nan a bakin tebur, filon bai gama tashi daga lotsawar bayansa ba. Uwar Zare ta tsaya a ɗaya ƙarshen, ta riƙe Ɗan Shuɗi da hagu, ta kama makulli da dama. Hannun ya so ya jawo wajenta. Ta tsayar da shi, ta tura gaba. Sau ɗaya, sau biyu, har shida, yana yi mata gardama.

Ta ajiye shi ta saki.

Ƙirrr. Ya ɗaga ƙafar dama ya sauke, ya ɗaga ta hagu, wadda tsatsa ta taɓa cinyewa, ya sauke. Yana tafe yana rangaji, ya wuce fitila, ya wuce matsefata, ya ratsa ta cikin hasken taga. Su biyun babu mai motsi. Kukan sifirin ya fara ja baya, takun ya yi nauyi. Saura kamar taƙi ɗaya ya kai gaban kujerar ya tsaya, hannuwa a miƙe, ƙafa ɗaya a sama.