Shunin da Ba Ya Zuba

A Gangara kowa ya san Barmo da koyar da haɗin rini. Shi kansa ba ya son tsoma zane. Abin da yake so shi ne ya tsaya a bakin rami yana nuna wa masu koyo yawan baban da za a zuba, da irin tokar da ta dace, da yadda kumfa ke canza kala in ruwan ya nuna. Da harshe yake gane haka. Matarsa Raishatu ta ce tun aurensu ba ta taɓa ganin ainihin launin harshensa ba.

Wata shekara bayan girbi, Idrisa, wani falke mai marina babba a Tanut, ya zo a kan raƙumi. Ya sayo garin shunin Nasara a Kano, marinansa sun zuba, zane ya fito kore.

"Malam Barmo, so nake ka zo ka riƙe mini mutane."

"Su yi rini?"

"A'a. Su yi ta gwadawa har a gane kan garin shunin nan."

"In sun ɓata zane fa, maigida?"

"Aikin kenan."

Barmo bai taɓa jin sana'ar da ɓarna ce aikinta ba, amma ya ɗaure kaya. A Tanut aka ware masa ramuka a gefe, aka haɗa shi da marina tsofaffin hannu, waɗanda ba sa son a koya musu komai. Ya daina bayani, ya koma raba aiki: wannan ya ƙara kanwa, wancan ya rage toka, wani ya ɗebo ruwan wata rijiyar. Abin ya dame shi da farko, don bakinsa ya saba da magana. Mutanen gari suka rasa sunan da za su ba muƙaminsa, suka ce Sarkin Gwaji.

Damina ta wuce, wata ta zo, sannan suka dace. Rawanin da suka rina ya fito baƙi wuluk, aka wanke shi, aka shanya a rana, aka sake wankewa, ko ɗigo bai zuba ba. Idrisa ya yanka rago.

Da ayarin Buzaye ya sauko daga arewa, madugunsu ya ɗauki rawanin, ya goga a bayan hannunsa, ya duba hannun. Ya sake gogawa da ƙarfi.

"Wannan ba ya kama jiki," in ji shi.

"Ba ya zuba ko kaɗan," Barmo ya faɗa da alfahari.

"To ta yaya za a san na saya?"

Ya ajiye, ya wuce rumfar gaba.

Idrisa ya daɗe yana kallon tarin rawunan. Can ya ce, "Malam Barmo, za a iya sa shi ya zuba?"

"Sai an gwada."

Suka koma bakin ramuka. Wannan karon aikin bai kai na farko wuya ba: bayan rini sai a barbaɗa shunin gida, mabuga su buge shi cikin zanen har ya yi ƙyalli. Ayari na gaba ya kwashe kayan duka. Idrisa ya ƙara wa Barmo ramuka da mutane, ya kuma kawo masa wani garin rini ja daga Kano, wanda shi ma ba wanda ya san kansa.