Hancin Zailani, Bakin Katung

…kuma wai shi za a ba. Katung! Katung da ko ƙaurin shinkafa ba ya ji sai hayaƙi ya turnuƙe ɗakinsu na unguwar Camberwell a Landan, maƙwabta sun fara buga bango. Shi ne Alhaji Nata'ala yake kallo yanzu da irin idon da uba ke kallon ɗansa. Zailani na zaune a gefe, hannu a kan cinya, wani abu na cin ƙirjinsa, ya kuwa san sunan abin sarai. Hassada ce. To, sai me?

Ɗakin ƙasa na wani mai sayar da giyar wiski, gangunanta a jere, sanyi, rana tsaka amma fitila a kunne. Baturen, wani dattijo ɗan Sukotlan, yana zuba kofi na uku a hankali kamar mai ɗiga magani. Alhaji ba ya sha — a'uzubillahi — saye kawai yake yi, akwati-akwati, don manyan Ikko masu sa hannu a kwangilar siminti. Tunda kuɗin fetur ya zo bakin kowa ya girma, sai giyar da ta shekara aru-aru a ganga, wadda maƙwabci bai taɓa gani ba. Dole a sami mai ɗanɗanawa. Yau kuma Alhaji zai faɗi wakilinsa na Landan: ofis, mota, waya a kan tebur. Ɗaya daga cikinsu su biyun nan.

Wa ya fara yi masa tafinta? Wa ya tarye shi a filin jirgi, ya sha ɗaukar jakunkuna, ya je har unguwar Peckham cikin ruwan sama neman naman halal? Wa ya ce, Alhaji, ina da aboki Kirista, ɗan kirki, zai iya ɗanɗana maka? Da bakinsa. Da bakinsa ya jawo shi…

Hancin kuwa nasa ne. Rumfar Baba a kasuwar Kurmi, kwalaben turare har sama, Baba ya ɗaure masa ido da bakin rawani — wannan fa, almiski ko wardi? Kar ka shaƙa da ƙarfi, ja'iri, bar shi ya zo da kansa. Kofi ya bi ta ƙarƙashin hancinsa sau ɗaya yana miƙa wa Katung, shi ke nan, ya gama da shi. Sai ya sunkuya kamar mai fassara, ya raɗa: busasshen dabino, tsohon katako, ɗan yaji daga ƙarshe. Katung ya kurɓa, ya lumshe ido, ya juya abin a baki, ya zubo maganar da Turanci har da ɗaga yatsa. Bature ya jinjina kai. Alhaji ya ce yaron nan ɗan baiwa ne. Baiwar wa? Baiwar wa, jama'a?

To ya miƙe mana, ya ce, Alhaji, ni ne. Ni ne me? Ni ne na san giya? Shi da ke jan ɗalibai salla, shi da ake ce wa Malam? Kafin ya rufe baki labari ya sauka Kano: ɗan Malam Uwaisu mai turare ya zama gwanin barasa a Ingila. Wa zai ce shinshinawa yake? Sha za a ce. Ita shinshinawar ma… halal ce? Bai taɓa tambaya ba. Ba ya son amsar.

Kofi na uku, ga shi a hannunsa. Hayaƙi — subhanallahi — hayaƙi tsagwaronsa, na bandar kifi, da gishirin teku, can ƙasa kuma warin asibiti, aidin ɗin da ake shafa wa miki. Wannan ko mai mura ba zai ɓata ba. Allah Ya yafe masa, amma an yi aiki a nan, an yi haƙuri.

Katung ya karkato kunne yana jira. Katung da ya zauna a bakin gadonsa lokacin da sanyi ya kama masa huhu. Katung da ya daina shigo da naman alade ɗaki, ba wanda ya roƙe shi — a'a, ba yanzu ba. Mota. Waya a kan tebur. Katung a kujerar baya yana ɗaga masa hannu, shi kuma a layin bas da karyayyar lema…

"Zuma," Zailani ya raɗa. "Furen lemo. Laushi, ba hayaƙi ko kaɗan."

Magana ta fita, ba ta dawowa. Yanzu Bature zai yi ɗan tarin nan nasu na ladabi, Alhaji zai gane, kunya za ta rufe ɗakin. Daɗi yake ji? Daɗi ne wannan?

Katung ya kurɓa. Ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa, maƙogwaro ya motsa da ƙyar. Ya dubi kofi, ya dubi Zailani — me yake dubawa? — sannan ya ɗaga yatsan nan. Zuma, in ji shi, furen lemo, laushi.

Girar Bature ta motsa. Ta motsa, Zailani ya gani! Yi magana, tsoho, giyarka ake yi wa ƙazafi! Sai idon tsohon ya sauka kan Alhaji, kan agogon zinare, kan aikin babbar riga… ya yi murmushi. Daidai, in ji shi, lallai saurayin nan ya san abu. Alhaji ya buga cinya, ya ce a ɗaure masa duk abin da ya rage. Ya miƙa wa Katung hannu: gobe ya zo otal ya karɓi makullin ofis.

Ashe haka ne? Ashe ko toka ya ce, ko kashin kaji, kai za a jinjina? Duk watannin nan yana ƙuna wai ana ci da guminsa, alhali ba mai saurare. Ba abin da aka sace masa. To a kan me ya…

Katung ya sunkuyo, hayaƙin na fita daga numfashinsa, ya ɗora hannu a gwiwar Zailani ya matsa.

"Gaskiya ni hayaƙi na ji, ɗan'uwa," ya raɗa, "har ya shaƙe ni. Amma na ce ai kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba."

Zailani ya buɗe baki. Ganguna, sanyi, dariyar Alhaji can nesa… Hannun yana nan a gwiwarsa, da ɗuminsa, bai ɗauke ba.