Abin da Leland Bai Faɗa wa 'Yarsa Ba

"Ajiye wayar nan, Bernadette."

Ba ta ajiye ba. Tana tsaye a gefen gadon asibitin da aka girka wa maƙwabcinta a falo, shi kuwa Leland Roy yana ta ƙoƙarin ɗagowa, ya kasa. Yanzun nan nas ta fita. A baranda ta rage murya ta ce kwana uku ne ko huɗu, in akwai wanda za a kira, a kira shi yau.

"Kin yi mini alkawari ba za ki faɗa wa 'yata ba," in ji shi.

"Na yi. Lokacin kana iya ɗaura takalminka da kanka."

Shekara talatin da ɗaya gidajensu na kallon juna a arewacin Vermont. Ita ta koyar da 'yarsa Paulette a aji uku. Yanzu Paulette tana Oregon, tana kira duk Lahadi, shi kuma yana ce mata ƙaba ce ta motsa.

Da farko shi ma haka ya ɗauka. Kumburi ne a matsematsi, ba zafi, ya sauko har maraina. Ubansa ya yi ƙaba, kakansa ma ya yi, duk mai ɗaukar bokitai a dajin mapul, bishiyar da ake tatsar ruwanta mai zaƙi a dafa ya yi kauri kamar zuma, ya san ta. Ya sayi ɗamara ya ɗaure har shekara biyu. Da likita ya buɗe zai ɗinke, sai ya tarar da dunƙulen kitse manne da jijiyar da ke riƙe da ɗan maraina. Gwaji ya nuna cutar kansa ce ta kitse, irin wadda likita kan yi shekaru bai gani ba. Suka ce ya dawo nan da mako biyu a cire ɗan marainan da jijiyar da naman da ke kewaye, don ko guntu aka bari sai ta sake tsirowa.

Watan Fabrairu ne, ya riga ya huda bishiya dubu da ɗari biyu. Mako shida kacal ruwan mapul ke zuba a shekara, ya ce sai ya gama dafa shi. Da ya gama, ya ce sai ya tara itacen baɗi. Bai koma ba sai Oktoba. Aka yi aikin, aka gasa wurin da na'ura, ya sami shekara guda garau. Sannan ta dawo can cikin ciki, inda wuƙa ba ta kaiwa.

"Me zan ce mata?" Ya nuna bargon da haɓa. "In ce wurin nan ne zai kashe ubanta?"

"Shekarunta arba'in da huɗu, 'ya'yanta uku. Ta san maza na da wurin nan, tsoho."

"Ke dai ba ki da kunya, wai ke malama."

"Kai ma ba kunya ke damunka ba."

Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Za ta tambaye ni me ya hana ni zuwa a Fabrairu."

"Za ta tambaya."

"Za ta ce na fi son itatuwa da ita."

"Ƙila. Gara ta faɗa maka kana ji, da ta je ta faɗa wa kabari."

Bai ce e ba, bai kuma sake cewa a'a ba. Bernadette ta danna lambar, ta ajiye wayar a kan matashinsa, ta shige kicin. Ta ji muryarsa: "Paulie, na sani, ba Lahadi ba ce. Zauna tukuna. Ba ƙaba ba ce." Sai ta buɗe famfo, ta bar ruwan yana zuba.

Washegari ƙanƙara ta tsare jirgin Paulette a Chicago. Tun hantsi Leland ya daina karɓar ruwa, sai dai Bernadette ta jiƙa masa leɓe da auduga.

"Tana ina?"

"Suna jiran a share filin."

Bayan awa guda ya sake tambaya, ta sake faɗa. Karo na huɗu leɓensa kawai suka motsa. Numfashinsa yakan tsaya, ta ƙirga a zuci har goma sha biyar, sannan ya dawo da ƙarfi. Ta sunkuya ta ce, "Shekara biyu ka jira da ɗamara, Leland. Ka jira awa uku."

Rana ta yi sanyi motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Paulette ta shigo da rigar sanyinta a jiki, ta durƙusa ta kama hannunsa.

"Baba. Kai mai taurin kai. Ni ce."

Idonsa bai buɗe ba. Amma babban yatsansa ya motsa a bayan hannunta, ya shafa sau biyu.

Ya cika kafin la'asar ta wuce. Bernadette ta bar su, ta ɗauki jakarta a hankali. A bakin ƙofa ta kewaye akwatin Paulette, yana nan tsaye inda mai shi ta sake shi, ƙanƙarar tayoyinsa tana narkewa a kan katako.