Sunan da Na Ɓoye wa Sama'ila

A bayan garinmu, kan hanyar Urafane, akwai wata busasshiyar rijiya. Zamanin da sojan Nasara suka ratso suna ƙona garuruwa, mutum arba'in da ɗaya suka ɓuya a daji. Kakan kakanmu ne ya nuna inda suke, aka ba shi doki. Aka yanka su, aka zuba a rijiyar.

Tun daga nan, kowace shekara kafin ruwan shuka, wani daga gidanmu yakan tsaya a bakinta ya kira su ɗaya bayan ɗaya, suna amsawa daga ƙasa. Wanda aka tsallake, shi ke fitowa ya taɓa mai kiran.

Ni na haddace sunayen, don tun ina ƙarama nake bin Baba. Wana Sama'ila kuwa yana Maradi yana lakwal, wato makarantar boko, ko ɗaya bai riƙe ba. Da Baba ya rasu, sai ga shi ya dawo da ƙatuwar moto, ya karɓe gona, ya ce mini a gaban mutane bazawara mai cin tuwon banza. Ni Hafiza, da na yi shekara uku ina wanke wa tsohon nan jiki! Kuma bai ji kunya ba, ya kawo takarda wai in faɗa ya rubuta.

Na ba shi arba'in. Na riƙe Tanna, wata jaririya. Wallahi tsoro kawai na so ya ji. Na ce a raina, jaririya me za ta yi masa, in ba zazzaɓin kwana biyu ba?

Ya je rijiyar ya kira su. Kwana biyun ya yi a kwance, hannuwansa a naɗe kamar mai rungume da goyo, likita ya rasa gane kansa. Da ƙarshe ya dube ni ya ce, "Ƙanwata, ki gafarce ni, ina jin ni na yi kuskure wajen karantawa." Na yi shiru har ya cika. Allah ya isa tsakanina da wannan shirun.

Bana ni na je, da hantsi. Na kira arba'in da ɗaya, duk suka amsa, har da Tanna. Sai na durƙusa, na leƙa ciki ina kuka, na ce, "Yaya Sama'ila."

Ina jin numfashinsa a can ƙasa. Na kira shi har rana ta take, bai amsa ba.