Irin Kuɓewa da Kisan Madugu

Tun da ido ya ƙi Baba, ƙafarsa ba ta sake taka ƙofar gida ba. Malam Labo fa, dillalin shanun da ke hango bijimi daga nesa a kasuwar Gidan Rumji ya faɗi shekarunsa, ya ce shi ba za a ja shi da sanda a cikin ƙauyenmu Gidan Sori ana yi masa sannu ba. Abokansa suka yi ta sallama yana cewa a ce barci yake, har suka gaji suka bari. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don ina kallon ubana yana ƙarewa a zaune.

Ni ce 'yarsa Fadila. Ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, a Gidan Rumji, duk Asabar nake hawa kabu-kabu in zo gida. Wata rana na tsinci wani tsohon littafin Hausa wajen mai shimfiɗa littattafai a bakin tasha, irin waɗanda ake kawowa daga Katsina. Labarin fatake ne na zamanin da. An wayi gari a zango an tarar da madugu a mace, ba a taɓa ko goro ɗaya cikin kayansa ba. Mutum uku ake zargi: jagaban ayari, da mai masauki, da ƙanen madugun.

Ranar da na fara karanta masa, bango ya juya wa fuska. Na ci gaba abina, don taurin kai a wajensa na gada. Can sai na ji ya ce, "Dakata. Mai masaukin nan, mi ya hana shi yanka ma baƙi akuya?"

Shi ke nan, kifi ya kama ƙugiya. Littafi ya zama abincin Asabar. Ya san yadda ake ɗaure kaya a kan jaki, ya san ƙaryar dillalai, ga shi ba ya barin marubucin ya huta. Wannan mako ya rantse jagaba ne, mako mai zuwa ya ce ai shi tun farko ƙanen yake zargi. Har tuwo ya koma ci da yawa.

Ana gab da shuka muka iso babin ƙarshe, inda alƙalin garin ya tara mutane zai faɗi mai laifi. Na juya shafi, sai ga bangon littafi. Babu sauran komai.

Inna Asta, mahaifiyata, tana tankaɗe a gefe. Da na tambaye ta, ko gezau ba ta yi ba.

"Ni na ciro, na ƙunshe ma mata iri. Amma daga baya na ɗiba, ɗiyata, ban taɓa inda kuke karatu ba."

Me zan ce mata? Tun muna yara daga baya take yagar kayenmu, littattafan rubutunmu na lakol, in tana son takarda, ta bar mana gaban. Kuma duk shekara, hadari na fara haɗuwa, sai ta raba wa maƙwabta irin kuɓewa da na yakuwa su shuka a gamanarsu, 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta. Ladabi ta yi wa littafin iyakar saninta. Baba bai yi faɗa ba, ya dai koma ya juya wa bango fuska, wannan kuwa ya fi mini faɗan ciwo.

Na yafa mayafi na shiga gari. Gidan Hadiza na samu shafi biyu, gidan Tala ɗaya, ana juye iri a ƙoƙo ana miƙo mini takarda ana dariya. Na jera su, sai na ga saura guda, kuma shi ne mai ɗauke da sunan mai laifin. Yana wajen Hauwa, matar Sale.

Sale taubashin Baba ne, tun suna yara ba su haɗu sun rabu ba tare da an ci mutuncin wani ba. Labari ya riga ni isa. Na same shi a gindin bedi, wato dogon yaro, na ƙofar gidansa, ya ninke takardar ya soka a aljihu.

"Kawu, don Allah ka ba ni in kai mashi."

"Ke na ba? Ce ma ubanki, mai son sanin wanda ya kashe madugu shi tako da ƙahwatai. Ido ya rasa, ba ƙahwa ba."

Na roƙe shi, na yi fushi, ya ce in gaida gida. Da na faɗa wa Baba sai ya ce Sale ya jiƙa takardar ya sha, shi ba ya so. Na kwana ina jin haushin su biyun.

Lahadi bayan la'asar, ina haɗa kayana zan koma, na ji Baba ya yi gyaran murya.

"Fadila, ina hulata?"

Bai yarda da sanda ba, kafaɗata ya dafa. Mun fito ke nan wani ya ce, "A'a, Malam Labo!" Na ji Baba ya tsaya cak, na ce yanzu zai juya. Sai ya ce, "Jibrilla, har yanzu kana nan da ramammen ragon nan naka?" Aka kwashe da dariya, muka wuce.

Sale bai yi masa sannu ba. Matsawa kawai ya yi a kan tabarma ya ce, "Ka ga amarya ta hito daga lalle."

"Kawo takardata, ɓarawo."

Sale ya ciro ta ya miƙo mini. Na warware, sauran irin kuɓewa ya zubo a cinyata, na buɗe baki zan karanta. Baba ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Tsaya. Wanga jahili bai san ko wane ne madugun ba, ina amfanin shi ji wanda ya kashe shi? Bari in ba shi labarin tun daga hwarko."

Ya fara, tun daga tashin ayari. Kafin magariba mutane sun cika tabarmar, ko zangon farko fatake ba su kai ba. Da aka kira salla Sale ya zare takardar daga hannuna ya mayar aljihu.

"In ya kai ƙarshe, a karanta. Gobe ka zo da wuri."

Baba ya miƙe, ya saki kafaɗata ya dafa ta Sale, suka nufi masallaci suna musu a kan mai masauki. Na tsaya a gindin bedin da 'yan ƙwayoyin kuɓewa a tafin hannuna, ina kuka, ban damu da wanda ya gan ni ba.

An cire kuɓewar bana, an shanya. Takardar tana aljihun Sale, kuma yadda Baba ke ƙara wa labarin abin da marubucin bai rubuta ba, ban ga ranar da madugun nan zai mutu ba.