Makullin da ke Yatsan Ɗantala

"Sake dannawa," in ji Hannatu.

Ɗantala ya goge yatsansa a gaban riga, ya yi bisimilla, ya sake bin maɓallan nan biyar da ke jere a jikin ƙofar motarsa, ƙasa da gilashi kaɗan. Ya ja hannun ƙofa. Ko motsi ba ta yi ba.

Hannatu ta kifa tafin hannu a gilashin baya ta leƙa. Ga akwatin sanyinta can a kan kujera, rana ta faɗo masa sosai. A cikinsa akwai maganin rigakafin shanu ɗari huɗu, da ƙanƙarar da ta zuba tun asuba a Dogon Dutsi. Ga kuma makullin motar kwance kusa da giya, abinsa, kamar ba shi ake nema ba.

Ita ce ma'aikaciyar lafiyar dabbobi da aka turo Sukukutane. Motar ofis tana gareji, shi ya sa aka ɗauko Ɗantala da tsohuwar motarsa 'yar Amurka, wadda ya sayo a Kwatano shekara bakwai da suka wuce. Duk Dogon Dutsi an san shi da abu guda: ba ya yawo da makulli. In ya tsaya, sai ya jefa shi ciki, ya kulle motar daga ciki, ya turo ƙofa, ya tafi yana kaɗa hannu. In ya dawo ya danna maɓallai sau biyar, ƙofa ta buɗe, jama'a su yi salati. Wannan salatin yake so. Yau ma haka ya yi, lokacin da suka sauka gaida masu shanu, kafin Hannatu ta tuna ta ce a fito da akwati tukuna.

"To, faɗa mini lambar, ni in gwada."

"Madam, ban san ta da baki ba."

"Kamar yaya?"

"Wanda ya saida min motar da hannu ya gwada min. Yatsana shi ya sani. Na farko sau biyu, na biyu, na tsakiya, in koma na farko. Shekara bakwai bai taɓa ba ni kunya ba."

Ta duba maɓallan. Babu ko lamba ɗaya da ta rage a kansu, rana da omo sun cinye su tuntuni. Ta ɗaga wayarta sama ta juya gabas ta juya yamma, babu rezo, ba hanyar kira. Ko da akwai ma, wa za ta kira?

Bayansu, cikin shingen ƙarfe da kewayensa, shanu sun cika fili suna kuka. Wasu tun shekaranjiya aka koro su. Ruwan farko ya sauka, manoma sun fara shuka, gobe da asuba garken zai kama hanyar arewa, ba za a sake ganinsu ba sai kaka. In maganin nan ya yi zafi ya lalace, haka za su tafi ba rigakafi, ciwon huhu kuwa bara ya kwantar da shanu ba kaɗan ba a wannan yanki. Hannatu ce ta yi ta bin ruga ruga tana lallashi har suka yarda suka zo. Tsoro ya kama ta sosai.

Ɗantala ya shiga dannawa ba ƙaƙƙautawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can sai maɓallan suka yi ta ƙyafta haske, suka daina amsa komai.

"Ka kashe ta?"

"A'a, hushi ta yi. In an matsa mata sai ta yi minti guda ba ta saurare. Ki bari ta huce."

"Ita ce za ta huce? Ni fa?"

Ta sunkuya ta ɗauki dutse, wanda ya cika mata hannu. Ɗantala ya yi tsalle ya tare gilashin da bayansa, ya baje hannuwa.

"Madam, don Allah don Annabi! Gilashin wagga mota ko a Sakkwato babu shi. In kin hwasa, leda zan ɗaura har in mutu."

"Ka ɗaura tabarma ma. Minti biyar na ba ka, Ɗantala. Biyar."

Duk wannan abu, wani tsoho yana tsaye gefe da ƙafa ɗaya, ya jingina da sandarsa yana kallo. Sambo ne, babba a cikin masu shanun, wanda shi ya fara yarda da rigakafin sauran suka biyo shi. Bai taɓa tuƙa ko keke ba. Ya matso a hankali, ya kai fuskarsa dab da maɓallan har hularsa ta malfa tana gogar gilashi.

"Direba, sake yi in gani. Sannu sannu."

Ɗantala ya yi tsaki ƙasa ƙasa, amma ya yi. Na farko daga wajen madubi sau biyu, na biyu, na tsakiya, na farko.

"Kullum nan kake bi?"

"Kullum, Baba."

"A'a," in ji Sambo. Ya shafa maɓallan da babban yatsansa ɗaya bayan ɗaya. "Inda ake bi kullum shina da sawu. Wanga da kake dannawa da kaushinsa, ba a taka shi ba. Taɓa wanga na ƙarshe ka ji. Ya lotsa, ya yi santsi. Na kusa da shi ma ya ɗan ci. Ɗiyata, zo ki taɓa."

Hannatu ta taɓa da hannun da ba dutse. Gaskiya ne. Maɓallai biyu na wajen baya sun sha yatsa har sun yi rami, na wajen madubi kuwa kamar sababbi.

Ɗantala ya yi tsaye baki buɗe. Sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Is'haƙa! Wallahi Is'haƙa ne!"

"Wane Is'haƙa kuma?"

"Mai gyaran jikin mota. Amalanke ta ƙwarje min ƙohwa ran kasuwa, na kai mishi. Ya cire abin ga don ya buga ƙarhe, ya maida. Jiya da marece na amso ta da lakile, wato makulli, a hannu, ban gwada ba. Ashe kai ƙasa ya maida shi!"

"To ka biyo sawunka," in ji Sambo, ya koma kan sandarsa.

Sai dai yatsan da ya yi shekara bakwai yana farawa daga gefe guda ba ya jin magana. Ɗantala ya fara daga baya, a danni na uku yatsan ya zille ya koma gidansa na da. Ya sake, ya sake zillewa.

"Matsa," in ji Hannatu.

Ta tsaya gaban ƙofa, ta ja numfashi. Na ƙarshe. Na ƙarshe. Na kusa da shi. Na tsakiya. Na ƙarshe.

Ƙwas.

Ba ta san lokacin da ta yar da dutsen ba. Zafin da ya fito daga cikin motar ya buge ta a fuska, ta kutsa ta jawo akwatin, ta ruga da shi ƙarƙashin wata aduwa, ta durƙusa ta buɗe. Ƙanƙara ta narke fiye da rabi, amma sauran tana nan tana yawo cikin ruwa. Ta duba ma'aunin zafi da ke ciki, bai haye ƙa'ida ba. Ta ɗauki kwalba guda ta manna a kumatunta. Sanyi ƙalau. Daɗi ya rufe ta, ta zauna dirshan cikin rairayi tana dariya, ga hawaye.

"Alhamdu lillahi," in ji Sambo. Ya juya ya ɗaga sanda, ya yi kira da Fulatanci, aka fara koro shanu cikin shinge.

La'asar sakaliya suka gama. Saniya ta ƙarshe ta Sambo ce, wata ja mai dogon ƙaho, shi da kansa ya riƙe ta. Hannatu ta wanke hannu, ta mai da akwatin cikin mota. Ɗantala kuwa tuni ya dawo cikin hayyacinsa, yana gaya wa masu shanu cewa dama ya kusa ganewa, tsohon ya riga shi da kaɗan ne.

Da zai tafi alwala, ya zaro makullin, ya buɗe ƙofa, hannunsa ya nufi wajen giya. Sai ya ga tafin hannun Hannatu a shimfiɗe gabansa. 

"Madam, ai yanzu na iya. Daga baya ake hwarawa."

Hannun bai janye ba. Ya dubi Sambo ko zai sa baki, tsohon ya ɗauke kai yana duban shanunsa. Ɗantala ya ajiye makullin a tafinta. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, ƙulli biyu, ta ja ta tabbatar.

Ya ɗauki butarsa ya nufi bayan shinge. Tana hango shi daga nesa, yatsansa a sama, yana ta dannar iska daga baya zuwa gaba.