Kibiya Ɗaya a Zauren Saje

Ruwan ya sauko tun kafin la'asar, irin na Agusta da ba ya tsawa ba ya iska, zuba kawai. Su biyar ne a zauren Saje Mainasara a Yako, kuma babu mai fita. Rafin da Dikko yake tsallakawa zuwa rugarsu ya cika ya batse. Babur ɗin Bature mai faci yana jingine a waje yana shan ruwa. Shitu manomi ya zauna can jikin ƙofa. Shi kuwa Audu, da gidansa yake nan kusa, ko da ruwan ya ɗauke ba shi da ikon tashi, don littafin wasan da suke yi yana hannunsa.

Wasan na Saje ne. Da aka kai su Labanan aikin soja ya ga wasu sojojin Turawa suna yinsa, ya yi ta kallo har ya gane kansa, da ya yi ritaya ya dawo ya gyara shi daidai da mutanen gida. Guntun tamfol ne aka zana wa gidaje da fenti, ga gari, ga gonaki, ga daji, ga kwazazzabo. Kowa yana da mutuminsa, marfin kwalba ne, amma da suna da tarihi, yana tafe da shi mako bayan mako. Mai riƙe da littafi shi yake ba da labarin abin da ya same su, ƙwayar ludo kuma ta raba gardama. In mutuminka ya mutu ya mutu ke nan, sai ka sake wani daga farko, ko wuƙa ba shi da ita. Dokokin duka Saje ya rubuta su da hannunsa a littafin 'yan makaranta.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Sai littafin ya faɗo kan Audu, tsohon direban layin Kano zuwa Jos, don ya ɗan taɓa yaƙi da jahilci yana iya bin rubutu da yatsa. Duk Alhamis ake fito da Saje a jingina shi da bango, a shimfiɗa tamfol a gabansa. Matarsa Kulu ta taɓa tare Audu a bayan ƙofa ta ce, "Malam Audu, ranar Alhamis kaɗai yake cinye tuwonsa. Sauran kwanakin loma uku ce, ita ma da lallashi. Don Allah kada ku fasa zuwa."

Da su bakwai ne masu wasan. Wannan ya tafi Legas, wancan ya rasu, har suka koma uku. Littafin kuma ya ce ba a wasa da ƙasa da mutum uku. A cikin ukun nan biyu ba sa musabaha, tun kakar bara da shanun Dikko suka faɗa wa dawar Shitu. An je gaban dagaci an kashe maganar, amma ba ta mutu ba. Tamfol ɗin nan ne kaɗai wurin da suke zama tare.

Mutumin Dikko mahayi ne, Sambo. Shekara shida yana tafe da shi, ya samo masa mashi, ya samo masa sulke. Dokinsa kwalin ashana ne da Dikko ya lulluɓe da jar fata ya ɗinke, ya ɗaure marfin a kai da zare. Sunan dokin Danda. Ranar nan Sambo ya bi sawun ɓarayi ya shiga kwazazzabo, inda ba a juya doki, maharbin Shitu kuma yana laɓe a kan dutse. Shitu ya kaɗa ƙwaya a tafin hannu ya jefa. Shida.

Bature ya ce, "Inna lillahi. Baffa, an gama da kai."

Shida kisa ce, kowa ya sani. Shitu ya miƙa hannu zai kwashe kwalin da marfin gaba ɗaya, Dikko ya sa sandarsa a tsakani.

"Kibiya nawa ka harba, Kaɗo?"

"Ɗaya."

"To ina za ka da biyu?"

"Malam Audu, karanta masa shafi na uku."

Audu ya lashi yatsa ya buɗe. Ya san abin da ke wurin, amma ya bi shi a hankali don ya sami numfashi. "Doki da mahayinsa abu ɗaya ne. Tare suke tafiya, tare suke tsayawa."

"Ka ji," in ji Shitu. "Abu ɗaya. Ga su nan ma a ɗaure da zare, kai da kanka ka ɗaure su."

Dikko ya ce, "Buɗe gaba, wajen maharba."

Yana shafi na goma sha ɗaya, da wani biro daban, da alama Saje ya ƙara shi daga baya. "Kibiya ɗaya, rai ɗaya."

"Rai nawa ne a nan?" Dikko ya nuna kwalin. "Doki ba shi da rai ne a garinku?"

"A garinmu dabba ba ta fi mutum ba."

Bature ya gyara hula ya ce shi dai mutuminsa yana can kasuwa yana cin ƙosai, babu ruwansa. Babu wanda ya yi dariya.

Audu ya sake bin shafi na uku, ya dawo na goma sha ɗaya. Duka biyun rubutun Saje ne, duka biyun a fili suke, kuma babu inda ɗaya ya san da ɗaya. Shekara da shekaru ana wasan nan ba a taɓa jefa wa mahayi shida ba. Ya ɗaga kai ya dubi mai littafin. Saje yana kallonsa da idon nan nasa mai lafiya, bakin a karkace, yawu yana taruwa a gefe. Amsar tana cikin kan nan, in ma akwai ta, amma babu ƙofar da za ta fito.

Ya auna abin yadda yake auna lodi. In ya ba Shitu, Dikko zai ɗauki sandarsa, kuma Bafillace in ya tashi da ɓacin rai ba a sake ganinsa. In ya ba Dikko, Shitu zai ce an sake yi masa irin ta gaban dagaci. Ko ta ina, Alhamis mai zuwa mutum biyu ne a kan tamfol, tuwon Saje kuma ya koma loma uku.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe can ƙarshen littafin, ya karkata shi wajen ƙirjinsa, ya ɗora yatsa.

"Af, ga shi nan ma. Wai in aka harbi mahayi a cikin kwazazzabo, saboda duhun wurin, sai a sake jefa ƙwaya."

Bai rufe baki ba ya ji ƙarar. Saje ne ya ɗauki cokali da hannunsa mai motsi yana dukan kwanon shansa. Ya buga, ya sake bugawa, bai daina ba sai da ruwan ya zube a tabarma.

Shitu ya ce, "Mu ga shafin."

"Ai ba ka karatu."

"Ba na karatu, amma na san baƙi na san fari. Juyo shi."

Audu ya juyo. Fari fat, sai layuka.

Shitu ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Da furfurarka, Malam Audu." Ya nufi ƙofa ya tsaya, don a waje ruwan ya kai idon sawu yana gudu kamar rafi. Dikko ma ya miƙe ya ɗauki malfarsa, shi ma ya tsaya. Ƙofar ɗaya ce, ƙarama, ga su kafaɗa kusa da kafaɗa kowa yana kallon wani gefen. Daga cikin gida Audu ya ji takun Kulu ya zo bayan ƙofa ya tsaya.

"Na yi ƙarya," in ji Audu. "Saje, ka yafe min. Littafin bai faɗa ba. Babu shi a ciki."

Shekara ashirin da ya yi a mota ya ga faɗan fasinja iri-iri, kuma bai taɓa raba ko ɗaya da neman mai gaskiya ba. Tambayar kowa yake abin da yake so ya sauka da shi. Yau ma da ita ya kamata ya fara, tsoro ne ya kai shi ga farin shafi.

"Shitu, kai me kake so?"

Shitu bai juyo ba. "Shida na jefa. Kowa ya gani. Ba za a sake ce min abin da ya faru bai kai ya kawo ba."

"Dikko, kai ka ce kibiya ɗaya rai ɗaya. Na karɓa. To wa ta samu?"

Duk wanda yake zauren ya san amsar: dokin zai ce. Doki ana samun wani cikin mako uku na wasa, amma Sambo da mashinsa da sulkensa aikin shekara shida ne. Shitu har ya fara murmushin nan na wanda aka zalunta, don kashe doki ba shi ne kisan da shida ta ba shi ba.

Dikko ya juyo daga ƙofar. Sannan ya dawo ya tsuguna, ya zaro 'yar wuƙarsa, ya yanke zaren. Ya ɗaga marfin ya ajiye a gefen tamfol wajen ƙafar Shitu.

"Sambo ta samu. A wuya. Dokin ko ƙwarzane babu."

Bature ya ce, "Baffa, ka san abin da kake yi kuwa? Da ƙafa za ka dawo, ba ko takalmi."

"Na sani."

Sai a lokacin Audu ya tuna. Dikko ya taɓa yin doki na gaske mai fararen ƙafafu, Danda sunansa, wanda ya rabu da shi shekarar da ciwon bushiya ya kwashe shanu. Shekara biyu Audu yana riƙe da littafin nan yana zaton marfin ne Dikko yake tsaro.

Shitu ya dubi marfin kamar bai san yadda ake ɗaukarsa ba. Ya duƙa ya ɗauka, ya juya shi, ya zauna.

"Ya yi faɗa dai," ya ce. "Ba a raina shi ba."

"Ya fi maharbinka, mai laɓe kamar ƙadangare."

"Ƙadangaren ne ya kwantar da shi."

Audu ya sauke numfashi, har ya fara rufe littafin. Bature ne ya nuna tamfol da haɓa.

"To dokin fa? Ga shi nan ba kowa a kai."

"Gida zai koma," in ji Dikko. "Doki ya san gida."

"Ta ina?" Shitu ya bi zanen da yatsa. Kwazazzabon ba a juyawa a cikinsa, bakinsa ɗaya ne a gaba, kuma gidaje huɗu masu koren fenti ya faɗa, gonar mutumin Shitu. "Ta cikin gerona?"

"Wucewa kawai zai yi."

"Haka aka ce bara."

Su duka suka juyo suka dubi Audu. Bai ko buɗe littafin ba. Ya san babu dokin da ba mahayi a ciki, daga bango har bango.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Saje, kafaɗarsa ɗaya tana rawa. Sai da suka duba da kyau suka gane dariya ce. Ya lalubi aljihun rigarsa, ya daɗe yana fama, ya zaro tsohon biro ya turo shi kan tabarma har ya taɓa gwiwar Audu.

"Saje, ni rubutuna kamar tafiyar kaza ne."

Saje ya ɗaga cokali. Audu ya ɗauki biron.

Ruwan bai tsagaita ba sai gab da magariba. Kulu ta miƙo tuwo daga bayan ƙofa, Saje ya sa hannu tun ba a ce masa bismillah ba. Ba a naɗe tamfol ɗin ba, Shitu ya ce kada wanda ya taɓa kwalin, Dikko ya ce shi ma abin da zai faɗa ke nan. Audu ya cusa littafin cikin riga ya fita yana taka ruwa. Yana da kwana shida da farin shafi, kuma duk abin da ya rubuta a kai, ko dai geron Shitu ko dokin Dikko, ɗaya zai taɓu.